Makaranta ta kira mu zama kan yarona mai matsalar ji, me zan shirya?

Maman Abba (Gusau): Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, kuma lokaci ya ƙure mini. Yarona yana aji uku a firamaren gwamnati. Sanƙarau ya kama shi yana ƙarami, Allah ya tashi kafaɗarsa, amma kunnen hagu ya tafi gaba ɗaya, na daman kuma sai an ɗaga murya. Jiya ya dawo da takarda daga hedimasta, wai ranar Laraba mu zo a zauna da shi da malamar ajinsu da wani jami'i daga ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, "domin duba halin karatun yaron". Tun jiyan gabana ke faɗuwa. Babansa ya ce shi kaɗai zai je ya ba su haƙuri ya dawo. Ni tsorona kada su ce mu kwashe shi. Don Allah wanda ya taɓa irin wannan zama, me ake faɗa, me ake tafiya da shi?

Ummu Iman: Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya, ya sa mu ji alheri.

Baban Khalifa: Amin. Sai addu'a hajiya.

Tsohon Hedimasta (Talata Mafara): Ɗiyata, kwantar da hankalinki. Da korar yaro sunka yi niyya, ba su wahalar da kansu da kiran jami'i. Saƙo za su ba shi da baki ya kawo gida, shi ke nan. Takarda da rana da mutum uku, alama ce akwai wanda ya damu da yaron nan a cikinsu. Abin da ban yarda da shi ba shi na zancen ba da haƙuri. Haƙurin mi? Mi yaron ya yi? Na zauna irin wanga zama ba adadi lokacin ina aiki. Uba shina shigowa, a gaisa, ya ce "malam mun gode, Allah ya saka", mu ce "za mu yi iya ƙoƙarinmu", a yi fatiha a watse. Ka dawo bayan wata uku ka iske yaro a bencin da ka bar shi, can baya kusa da taga. Kowa ya fita da ladabinsa, yaro ya fita hannu rabbana.

Malam Mai Ilimi na Musamman: Baba ya riga ya faɗi inda matsalar take. Bari in ɗora. Wannan fannin na karanta a Jami'ar Bayero, kuma yanzu shi nake koyarwa.

Maman Abba, daga yau zuwa Laraba ki samu takarda guda, shafi ɗaya, ki cika ta da abin da idonki ya gani. Kada ki rubuta "ba ya ji sosai", sun riga sun san wannan. Rubuta irin su: in an kira shi daga dama yana waigowa, daga hagu ko gezau. Yana jin kiran sallah ko ba ya ji? Yana jin babur na tahowa ta bayansa? In kuna magana yana kallon bakinki ne ko idonki? In an kunna janareto ko injin markaɗe na aiki, maganar da yake kamawa da safe yana iya kama ta? A Islamiyya ina yake zama, kuma haddarsa tana tafiya? Wannan ta ƙarshen tana da nauyi. In yana hadda a wurin malamin da ke zaunar da shi gabansa, to kin samu hujja cewa kan yaron lafiya lau yake, sauti ne ba ya isa gare shi a aji.

Sai kayan tafiya. Takardar awon ji in an taɓa yi masa, katin asibitin da aka kwantar da shi, katin sakamakonsa na zangunan baya, da littattafan rubutunsa tun na farkon shekara. Littafin rubutu ba ya ƙarya. Za ki ga abin da aka rubuta a allo ya kwafe shi tsaf, amma shifta da duk abin da malama ta faɗa da baki, shafin fari fat ko kame-kame. Ki buɗe shafukan biyu ki ajiye su gefe da gefe a kan teburin hedimasta, ba sai kin yi dogon bayani ba.

Abu na ƙarshe, kuma shi ne ya fi: kada ku tashi sai an rubuta abu biyu ko uku, kowanne da sunan wanda zai yi da ranar da za a sake dubawa. "Za a ƙara kula da shi" ba magana ba ce. "Malama za ta mayar da shi layi na biyu ta ɓangaren da kunnen dama zai fuskance ta daga ranar Alhamis" magana ce.

Maman Abba (Gusau): Malam na gode ƙwarai. Awon ji ba a taɓa yi masa ba, likitan da ya sallame mu ne kawai ya ce ciwon ya taɓa kunne. A ina ake yi?

Malam Mai Ilimi na Musamman: Ki fara da sashen kunne, hanci da maƙogwaro a babban asibiti nan Gusau, su za su gaya miki ko za a yi a nan ko su tura ku. Akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, akwai kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, wadda aikinta ke nan. Ba zai yiwu kafin Laraba ba, kuma kada ki ɗage zaman saboda shi. A sa shi cikin abin da za a rubuta, a matsayin aikin da ke kan iyaye.

Malamar Aji Uku (Ƙaura Namoda): Ina karantawa ina murmushi. Kowa na shirya wa uwa yadda za ta shiga, ba wanda ya tambayi halin malamar da za a zaunar. Ni ce irinta. Ajina in kowa ya zo, wasu a ƙasa suke zama, in na ce zan taka zuwa baya sai na tsallake ƙafafu. Rufin kwano ne ba silin, in ruwa ya sauko ni kaina ba na jin abin da nake faɗa. A NCE ɗinmu an taɓo mana ilimi na musamman sama-sama, muka yi jarrabawa muka wuce. To ranar zama sai a kira ni ofis, ga hedimasta, ga jami'i, ga iyaye da takardu, a ce malama me kika yi wa yaron nan? Wallahi abin da zan yi shi ne kare kaina. Zan ce ba ya mayar da hankali, zan ce yana da taurin kai. Ba don mugunta ba.

Shawarata, ki je ki same ta kafin Laraba, lokacin tara, ke da ita kawai. Ki gaishe ta, ki ce malama me kike gani game da shi, me ya fi ba ki wahala? Ki bar ta ta amayar da abin da ke cikinta. Ranar zama za ki tarar tana ɓangarenki, ita ce ma za ta riƙa kawo dabara.

Kuma ku roƙi abin da zai yiwu. Canza benci, zan iya. In daina magana ina fuskantar allo, zan yi ƙoƙari, sabo ne. In rubuta aikin gida a allo maimakon in faɗa ana ta hayaniyar tashi, zan iya. In haɗa shi da yaro mai natsuwa da zai nuna masa shafin da muke, zan iya. Amma in ware masa rabin awa kullum shi kaɗai, ƙarya zan yi muku in na amsa.

Barista: Da girmamawa malama, wannan ba alfarma ba ce da za a je ana lallaɓa. Haƙƙi ne. Dokar hana nuna wariya ga masu nakasa ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ce mai nakasa yana da 'yancin ilimi ba tare da wariya ba, kyauta har ƙarshen sakandare. Ta ce makarantun gwamnati su zama na kowa da kowa, su samu ma'aikaci mai horo da kayan aiki. Wanda ya nuna wariya, in mutum ne tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyu, in kamfani ne naira miliyan ɗaya. Hajiya ki buga shafin ki tafi da shi. Duk wanda ya ce ki kwashe yaro ki miƙa masa.

Tsohon Hedimasta (Talata Mafara): Barista, dokarka gaskiya ta, ban musa ba. Amma wa za ta miƙa wa? Hedimasta bai ɗaukar malami aiki, bai sayen ko alli da kuɗin gwamnati sai an aiko. Ɗauka da turawa suna hannun SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, da ofishin sakataren ilimi. In ta shiga ta aza mai takardar tara bisa tebur, ta samu abokin gaba wanda yaronta zai kwashe shekara uku a hannunsa. A riƙe takardar cikin jaka. In jami'in ya fara zancen "ba mu da wurin irinsu", sannan a hiddo ta, da murmushi.

Barista: Murmushin nan ne ya kai mu inda muke Baba. Dokar ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen gwamnati yadda mai keken guragu zai shiga. Wa'adin ya cika tun farkon 2024. Ka zagaya ka ƙirga mini firamare nawa aka yi wa hanyar keke.

Malam Mai Ilimi na Musamman: Ku biyun kuna da gaskiya, wurin ajiye kowacce ne ya bambanta. Tambayar kuɗi da kayan aiki ta jami'in ce. A cikin kuɗin da UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, ke rabawa ƙarƙashin dokar 2004 akwai kashi biyu cikin ɗari da aka ware wa ilimin yara masu buƙata ta musamman, ta hannun SUBEB yake bi. Ba laifi ba ne uba ya tambaye shi cikin ladabi: an taɓa shigar da sunan makarantar nan? Akwai malami mai horon nan a ƙaramar hukumar da zai riƙa leƙowa ko sau ɗaya a wata? Kuma in da hali a nemi mutum ɗaya daga kwamitin SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makarantar, ya zauna. Su 'yan unguwa ne, in an yi alkawari a gabansu yana da wuyar ɓacewa.

Baban Khalifa: Ni dai abin da ban gane ba, maigida ya ce zai je, me ya sa ake ta zuga mace ta bi shi? Zaman maza uku ne a ofis. Ta gaya masa abin da ke ranta ya isar.

Goggon Yara (Bunguɗu): Yaya, ba zuga ba ce. Ka tambayi baban yaron wane kunne ne ya mutu, ka ga ko ba zai tsaya tunani ba. Ba aibu na ce ba, kasuwa yake wuni. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba. Kuma malamar aji mace ce, ba maza uku ba ne.

Baban Khalifa: To ai ga takardar da malam ya ce a rubuta. Ya tafi da ita.

Goggon Yara (Bunguɗu): Takarda ba ta amsa tambaya. In malama ta ce "in na yi masa tsawa sai ya yi dariya", uwar ce za ta ce ai fuskarki yake karantawa, bai ji tsawar ba.

Maman Abba (Gusau): Akwai kuma abin da ban faɗa ba. Ɗan fari ne. Ko sunansa ba na kamawa, balle in zauna gaban hedimasta da babansa ina lissafa ƙoƙarinsa. Bakina ba zai iya ba.

Goggon Yara (Bunguɗu): Ayya, yanzu na gane. To ai shi ya sa Allah ya yi goggo da inna da kaka. Ni na raka matar ƙanena irin wannan zama kan 'yarsu. Daren ranar muka zauna ta gaya mini komai, da muka shiga ni na yi bakin, ita tana gefe, in na kuskure ta taɓa ni. Ki nemi 'yar uwar babansa ko ƙanwarki mai baki. Shi ma maigidan zai fi sakewa in 'yar uwarsa ce ke magana.

Baban Khalifa: In haka ne ba matsala.

Kurma Mai Ɗinki (Gusau): Ni kurma ne. Sanƙarau na shekarar 1996 ya ɗauke jina, ina da wayo lokacin, shi ya sa nake rubuta Hausa. Na karanta duk abin da kuka rubuta. Ba wanda ya ce a tafi da yaron.

Ni an yi zama a kaina. Ina tsaye bakin ƙofa ina kallon bakuna suna motsi, ana nuna ni da hannu, ana girgiza kai. Da muka fito na tambaya me aka ce, aka yi mini alamar "ba komai". Sati na zagayowa aka daina kai ni makaranta.

Yaro ɗan aji uku ya san abin da ke damunsa. Ku tambaye shi tun a gida: ina ka fi gane malama? Wa ke taimaka maka? Wa ke tsokanarka? Zai ba ku mamaki. Ni da an tambaye ni da na ce malam ya daina tsayawa jikin taga, haske na bayansa, fuskarsa ta zama baƙi, ba na ganin baki. Kuma kada a sa shi layin farko daf da allo, wuya zai yi ta ɗagawa, kuma ba ya ganin 'yan aji in suna amsa tambaya. In za a yi maganar da za ta ɓata masa rai a sallame shi ya koma aji, amma a kira shi a ƙarshe, malama ta dube shi ta gaya masa abin da aka yanke.

Karanta baki kuma kada ku dogara da shi. Kalmomi da yawa kamarsu ɗaya a leɓe. Rabi gani ne, rabi cinta.

Malamar Aji Uku (Ƙaura Namoda): Zancen tagar nan ya taɓa ni. Nan nake tsayawa kullum saboda iska.

Ummu Iman: Ni a ganina me zai hana a kai shi makarantar kurame kawai a huta? Can aka san kansu.

Kurma Mai Ɗinki (Gusau): Ba "kawai" ba ne hajiya. Makarantar kurame ta yi mini rana daga baya, can na samu abokai da harshe. Amma ki sani maganar hannu iri biyu ce. Akwai tamu ta Hausa da kurame ke yi a kasuwa da gida tun kaka da kakanni. Akwai ta makaranta, wadda asalinta daga Amurka ne, wani kurma baƙar fata Andrew Foster ya kawo ta Ibadan wajen 1960. Yaro zai dawo hutu da hannun makaranta, uwarsa ba ta gane shi. In za a kai shi, wani a gidan ya koya tare da shi. Shi kuma wannan yana da sauran ji a kunne ɗaya kuma yana magana. A gwada gyaran aji tukuna.

Malam Mai Ilimi na Musamman: Na goyi baya. Kuma mai yiwuwa jami'in ya kawo wannan zancen ranar Laraba, don haka ku je da amsarku. Makarantu na musamman suna nan, irin ta Tudun Maliki a Kano da ta A.A. Raji a Sakkwato, kuma sun fitar da mutane. Amma kai ɗan shekara tara kwana nesa da gida ba ƙaramin hukunci ba ne, balle a nan. Tun sace ɗaliban da aka yi a Jangebe da Birnin Yawuri a 2021 kowa ya san abin da uwa ke ji in an ce makarantar kwana. Amsar da ta dace ita ce: a ba mu zango guda da waɗannan gyare-gyare, mu kawo sakamakon awo, sannan a sake zama. In awon ya nuna na'urar ƙara ji za ta taimaka, a sani ita ma tana da hidima: batir, da abin toshe kunnen da ake sakewa in yaro ya girma, kuma hayaniyar aji ma ƙara ta take yi.

Baban Nana (Argungu): Ku ba ni dama in shigo da tawa, ta yi kusa da wannan. 'Yata tana da farfaɗiya, tana shan magani, ta daɗe bai tashi ba. Za ta shiga sabuwar makaranta, sun ba mu fom har da wurin "lalurar da yaro ke da ita". Uwarta ta ce kada in rubuta. Ni na rasa.

Hajiya Babba: Uwarta ta fi ka gaskiya. Ka rubuta yau, gobe malamai sun sani, jibi matansu sun sani, shekara goma masu zuwa mai neman aurenta ya ji, har na yayyenta ma. Garin nan ba a ɓoye magana. Tunda maganin na aiki ka rufa mata asiri.

Ma'aikaciyar Jinya (Anka): Hajiya ki yi haƙuri, a nan ba zan bi ki ba. In ya tashi a aji ba wanda ya sani fa? Na ga yaran da aka kawo mana haƙori ya karye saboda an tura cokali a baki, wani an ɗura masa ruwa yana cikin fizga ya shaƙe. Wasu kuma gudu ake yi a bar su, wai yawun yana yaɗa ciwon, alhali farfaɗiya ba a ɗaukarta. Abin da malami ke buƙatar sani bai fi layi huɗu ba: a janye benci da duk abin da zai ji mata ciwo, a sa abu mai laushi ƙarƙashin kai, kada a danne ta kada a sa komai a baki, in fizgar ta lafa a juya ta gefe. In ta wuce minti biyar ko ta sake tashi a kai a kai, asibiti kai tsaye. Wannan ya fi ƙarfin zancen aure.

Hajiya Babba: Ke asibiti kika sani, ni gari na sani.

Tsohon Hedimasta (Talata Mafara): Akwai hanya tsakani. Fom hannu da yawa yake bi, har akawu da masu ɗinke fayil. A bar wurin a rubuta "za mu yi bayani da baki". Sannan ka nemi zama da shugaban makaranta da malamar aji su biyu, ka hwaɗa musu, ka ce amana ce. Tambaya ta farko a kowane irin wanga zama ita ce, wa zai ga abin da munka rubuta, kuma ina za a aje shi? Iyaye ba su tambaya, mu ma ba mu cewa.

Baban Nana (Argungu): Wannan ta kwanta mini. Zan gwada wa uwarta.

Ma'aikaciyar Jinya (Anka): Tunda ana zancen katin asibiti, mutanen yankinmu su kula. Gubar dalma da ta ɓulla a 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma, ta kashe yara sama da 400. Waɗanda suka rayu da yawa ta bar musu rauni a ƙwaƙwalwa: saurin mantuwa, rashin natsuwa, jinkirin magana. Ba a gani a jiki, sai a ce daƙiƙi ne a bi shi da bulala. Duk wanda aka taɓa auna jinin yaronsa ko ana niƙa dutsen zinariya a gidansu, ya faɗa a wurin zama. Yana canza yadda malami ke kallon yaro.

Anti Turai: Ina bin ku daga Amurka. A nan doka ce tun 1975. Duk yaron da aka tabbatar yana da buƙata ana rubuta masa tsarin karatunsa shi kaɗai, iyaye suna cikin masu yanke shawara, ana sake zama aƙalla sau ɗaya a shekara, a sake auna shi duk shekara uku. In uwa ba ta jin Turanci makaranta ce za ta nemo tafinta. Amma kada ku ɗauka aljanna ce. Nan ma uwa na shiga ta tarar da mutum shida da kwamfuta, an gama rubuta komai, sa hannu kawai ake jira. Abin da na koya shi ne in ce a ba ni takardar in kwana da ita kafin in sa hannu.

Malamar Aji Uku (Ƙaura Namoda): Anti mu da alli ke yanke mana a tsakiyar zango ina mu ina mutum shida da kwamfuta. Sai dai zancen tafinta ya shafe mu ta wata fuska. Jami'ai na son juya harshe zuwa Turanci in magana ta yi nauyi, iyaye su yi ta gyaɗa kai. Tun farko a ce don Allah a yi da Hausa.

Ɗan Shinkafi: Tambaya. Ƙanena makaho ne, yana makaranta a Gusau, an kira Baba zama kan rajistar jarrabawarsa ta fita. Hanya ba ta biyuwa yadda ake so, kuma Baba boko bai yi ba, ajami yake karantawa. Ya za mu yi?

Malam Mai Ilimi na Musamman: Kada ku bari zaman ya wuce, don wannan yana da wa'adi. Lokacin rajista ne makaranta ke shaida wa WAEC da NECO cewa ɗalibi makaho ne, a tanadar masa takardun rubutun makafi da ƙarin lokaci. In aka yi rajistarsa kamar kowa, gyarawa daga baya wahala ce. JAMB ma tun 2017 tana da kwamiti na musamman da ke shirya wa makafi jarrabawarsu a cibiyoyi daban. Ku nemi wani ɗan uwa a Gusau ya zauna a madadin Baba, a kira shi a waya a buɗe murya. Ku tambayi ƙanen naka tun yanzu da me ya fi sabawa, allon huda takarda, ko keken rubutu, ko a karanta masa. Da shi za a yi rajistar.

Ɗan Shinkafi: To wa zai rubuta abin da aka yanke? Kada a ce an ce.

Tsohon Hedimasta (Talata Mafara): Makaranta za ta rubuta nata da Turanci don fayil, wannan ba ruwanku. Wakilinku ya rubuta naku da Hausa nan take, ya karanta da ƙarfi kowa ya ji har Baba a waya, shugaban makaranta ya sa hannu da kwanan wata. A ɗauki hotonta a turo maka. In Baba na son tasa, kai ka kwafe mai da ajami. Kuma ku karɓi lambar malamin da ke kula da rajistar shi kansa, ba ta ofis ba.

Ɗan Shinkafi: Akwai kawunmu a Tudun Wada, zan kira shi yau da dare. Na gode Baba.